Wayoyin WAP da Wahalar Komawa Baya

A shekarar 1999 kamfanin Nokia ya fito da wayar 7110, ɗaya daga cikin wayoyin farko da suka shiga intanet ta tsarin WAP, wato tsarin da aka yi don buɗe shafukan intanet a ƙananan wayoyin hannu. Fuskarta layuka kaɗan take ɗauka, kuma a wancan lokacin da minti ake biyan kuɗin haɗi, don haka wanda ya ɓace a cikin shafi aljihunsa ne ke ji a jika.

Da wani harshen kwamfuta mai suna WML ake rubuta shafukan, inda ake tara ƙananan shafuka da ake kira katuna cikin ƙunshi guda, waya kuma tana riƙe jerin waɗanda mutum ya bi. Matsalar ita ce kowane kamfani da tasa hanyar komawa. Wayoyin da ke ɗauke da manhajar buɗe shafuka ta kamfanin Openwave galibi suna da maɓalli na musamman na komawa baya, amma a 7110 sai mai rubuta shafi ya saka umarnin "prev" da hannunsa. Idan ya manta, mai waya ya shiga ɗakin da ba shi da ƙofar fita ke nan, yana ta danna maɓallin dama ba abin da ya motsa, mintoci kuwa suna tafiya.

A ganina kuskure ne babba a rataya wannan nauyi a wuyan mai rubuta shafi, domin shi ya san ginin da ya yi ciki da bai, da wuya ya ji abin da baƙo ke ji. Kamata ya yi wayar ta tabbatar da hanyar komawa a wuri ɗaya kullum.

Sai dai masu shafuka suna da tasu hujjar. Wanda ya gama sayen tikiti, idan aka mayar da shi katin biyan kuɗi, yana iya biya sau biyu. Shi ya sa WML ya tanadi "onenterbackward" don karkatar da mai dawowa zuwa wani kati, da "newcontext" mai goge jerin katunan da mutum ya bi baki ɗaya. Na yarda da na farkon a irin wannan gaɓa. Na biyun kuwa yakan share wa mutum sawu ba tare da saninsa ba.

Mai tura kuɗi da lambobin USSD a Kano ya san wannan ciwo har gobe, domin lambar komawa baya ta wannan banki daban, ta wancan daban.