Zaman Minti Biyar Bayan Sallama

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa Musulmi.

Ku lura da sahu idan liman ya yi sallama. Kafin a cika istigfari uku, hannu ya riga ya shiga aljihu. Carbi a hagu, waya a dama, baki na motsi, ido na kan WhatsApp, an zube tasbihi 33 cikin numfashi biyu. Sai mutumin nan ya fita, mai adaidaita sahu ya gogi motarsa, ko ya isa gida ya tarar abinci bai sauka ba, ka ji kalaman da ba ka zaci za su fito daga bakin da ya gama ambaton Allah yanzun nan ba. Mukan ɗauki gaggawar zikiri daban, saurin fushi daban. Ni a ganina ciwo ɗaya ne. Zuciyar da ba a saba mata tsayawa wuri ɗaya ba, ranar da aka taɓa ta ma ba za ta tsaya ba.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a Suratur Ra'ad, aya ta 28: "Ala bizikrillahi taɗma'innul ƙulub", ku saurara, da ambaton Allah zukata ke samun natsuwa. Kowa ya haddace ta. To me ya sa wani zai shekara ashirin yana jan carbi, natsuwar ba ta zo ba? Alkawarin Allah gaskiya ne. Mu ne muke barin harshe a masallaci, zuciya kuma ta tafi kasuwa.

Tafiyar hankali ba a kanmu ta fara ba. Usman ɗan Abil As (RA) ya kai kuka wurin Annabi (SAW) cewa Shaiɗan yana shiga tsakaninsa da sallarsa, yana rikita masa karatu. Annabi bai ce masa imaninsa ya lalace ba. Ya ce wannan shaiɗan ne da ake kira Khinzab, idan ka ji shi ka nemi tsarin Allah, ka yi tofi ta hagunka sau uku. Usman ya ce ya aikata, Allah ya gusar masa da shi. Hadisin yana cikin Muslim. Ku riƙe wannan kalma: "idan ka ji shi". Sai ka fara gane cewa hankalinka ya tafi, sannan ka iya dawo da shi. Da yawanmu sai a tahiya muke farga cewa tun Fatiha muna lissafin kuɗin makarantar yara. Shi ya sa ya zo a hadisin Ammar ɗan Yasir, wurin Abu Dawud, cewa mutum zai idar da sallah ba a rubuta masa komai ba sai kashi ɗaya cikin goma, wani ɗaya cikin tara, har zuwa mai rabi.

Nana A'isha (RA) ta ba da labari, a Bukhari da Muslim, cewa Annabi (SAW) ya yi sallah da wani mayafi mai zane. Da ya idar ya ce a mayar wa Abu Jahm da shi, a karɓo masa nasa marar ado, domin wannan ya ɗauke masa hankali. Zanen mayafi ke nan fa, kuma ga mafificin halitta. Ina ga wayar da ke rawa a aljihunka kana cikin sujada?

Masu bincike ma sun auna abin. A 2010, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na jami'ar Harvard a Amurka sun bi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna tambayarsu me suke yi, me kuma suke tunani. Kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalinsu ba ya kan abin da ke gabansu, kuma a lokutan nan farin cikinsu ya fi raguwa. Tun 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako 8 a jami'ar Massachusetts, inda ake koya wa marasa lafiya su zauna shiru, su bi numfashinsu, duk sanda hankali ya zame su dawo da shi. Ya tsamo hanyarsa ne daga al'adar mabiya Buda, mu kuwa ba mu da buƙatar aro. Kuma niyyarmu dabam ce: zikiri ibada ce don Allah, natsuwar ganima ce da ke biyo baya. Na kawo wannan ne don a ga cewa dawo da hankali abu ne da ake koya da maimaici, kamar yadda almajiri ke biya allonsa har karatu ya zauna.

Yanzu mu zo kan fushi, inda na fi so mu dakata. Idan aka ɓata maka rai, jiki kan riga tunani: bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, jijiyoyi su ɗaure. Sulaiman ɗan Surad (RA) ya ga haka da idonsa. Mutum biyu suna zage-zage a gaban Annabi (SAW), fuskar ɗaya ta yi ja, jijiyoyin wuyansa sun kumbura. Annabi ya ce ya san wata kalma, da zai faɗe ta da abin da yake ji ya tafi: A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Aka je aka gaya wa mutumin. Amsar da ya bayar ita ce, shi mahaukaci ne?

Subhanallah. Magani ya zo har hannunsa daga bakin Manzon Allah, ya kasa sha. Wannan hadisin yana ba ni tsoro, domin dukanmu mun san ta'awwuzi, mun san hadisin Abu Zarr cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, mun san an ce ya yi shiru. Sani bai yi mana ƙaranci ba. Abin da ke kufce mana shi ne daƙiƙar nan guda da mutum zai gane "fushi ya shige ni" kafin baki ya buɗe. Wanda ya samu wannan daƙiƙar zai tuna ya zauna. Wanda bai samu ba, sai washegari ka gan shi a zauren malam yana tambayar hukuncin saki ukun da ya furta jiya da dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan daƙiƙar a kan darduma ake samo ta: duk lokacin da ka kama zuciyarka ta gudu a tasbihi na bakwai ka jawo ta, abin da za ka buƙata a bakin titi da tsakar gida kake koyo.

Ɗan uwa, 'yar uwa, zaɓi sallah ɗaya ka fara da ita, Asuba ta fi sauƙi. Kashe wayar tun kafin kabbara. In ka yi sallama kada ka tashi. Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 33, ka cika ɗari da La ilaha illallahu wahdahu la sharika lah zuwa ƙarshenta. Ƙirga da yatsu, Annabi ya ce za a tambaye su kuma za su yi magana. Kowace kalma ka ba ta haƙƙinta, ka san me kake cewa, numfashi na fita a hankali. Fitar da numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya, za ka ji haka a ƙirjinka. Duka bai wuce minti biyar ba. Hankalinka zai tafi sau goma, ka dawo da shi sau goma, ba tare da ka tsani kanka ba.

Wanda kuma damuwa ta yi masa nauyi har barci da cin abinci sun gagara, ya riƙe zikirinsa, ya kuma je wurin likita. Neman magani sunna ce, babu abin kunya a ciki.

Kafin ka miƙe, ƙara da abin da Annabi (SAW) ya koya wa Mu'azu ɗan Jabal. Ya kama hannunsa, ya rantse masa cewa yana ƙaunarsa, sannan ya ce kada ya bar faɗin wannan a bayan kowace sallah: Allahumma a'inni ala zikrika wa shukrika wa husni ibadatika.