Katin Zaɓen Bakano a Madina

Bakano ya zaro katin zaɓensa daga aljihun gaba, ya hure shi, ya goge da gefen jallabiya, ya jingina shi da kwalbar ruwa yadda duk wanda ya shigo mada'am, wato gidan abincin nan na bayan Jami'ar Musulunci, zai gani.

BAZAZZAGE: Ustaz, yau ma an fito da shi shan iska?

BAKANO: Yi dariya. Da wannan ake naɗa gwamna, da shi ake tuɓe shi. Ina nan ina jiran 2027.

BAZAZZAGE: A ina za ka jira?

BAKANO: Jidda mana. In hau jirgin ƙasa na Haramaini da sassafe, in je ƙaramin ofishin jakadancinmu in dangwala, in wuce Makka in yi umara in roƙa wa ɗan takarata nasara.

BAZAZZAGE: Akwatin fa? Da naka za ka tafi? Babu rumfar zaɓen Najeriya ko ɗaya a waje. Sashe na 77 na tsarin mulkin 1999 mazaunin Najeriya ya sani. A Maris ɗin 2022 an kai maganar mazauna waje gaban majalisa, suka yi fatali da ita.

BAKANO: To ni ba mazaunin Najeriya ba ne? Ɗakina yana nan a Fagge, da katifata, da fankata.

BAZAZZAGE: Iƙamarka, takardar izinin zamanka a nan Saudiyya, me ta ce?

BAKANO: Iƙama ta gangar jiki ce. Zuciyata tana Kantin Kwari.

BAZAZZAGE: Na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe yatsa da fuska take dubawa. Sai ka aika musu da yatsan ta hannun alhazai.

Bakano ya kurɓi shayi irin kurɓar manya. Ya ce shi abin da ke ci masa rai, 'yan Najeriya na waje suna aika kusan dala biliyan 20 gida duk shekara, ana karɓa hannu bibbiyu, amma ranar zaɓe sai a ce ba a san su ba. Nan dai yana da gaskiya. Sai dai a cikin biliyan 20 ɗin babu riyal ɗaya nasa, don kafin tsakiyar wata mukafa'arsa, wato alawus ɗin da jami'a ke ba ɗalibai, ta ƙare a turare da shinkafar kabsa.

BAKANO: Tun da haka ne, kamfen zan yi. In buga fosta, in liƙa a ɗakunan kwanan ɗalibai, in tara matasa.

BAZAZZAGE: Tara su. Shurɗa ma, 'yan sandan nan, za su halarta. Su kai ka tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, ka ga ka samu jirgin zuwa zaɓe kyauta.

Ana cikin haka Badamagare ya shigo, ya ja kujera, ya kai hannu cikin kwanon waken ful ba tare da an ce masa bisimilla ba.

BADAMAGARE: Ku 'yan Najeriya kuna ba ni tausayi. Mu a Nijar kujera 5 aka ware wa mazauna waje a majalisa. Depite sukutum, namu na kanmu.

BAKANO: Allah sarki. Ina majalisar take yanzu?

BADAMAGARE: Wannan wata magana ce.

BAKANO: Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kujerun nan 5 suke hutawa ko? A gaishe su.

Badamagare bai ce uffan ba. Don ya samu abin yi da hannunsa sai ya ɗauki katin, ya kai shi kusa da ido.

BADAMAGARE: Kai Bakano, wannan naka ne? Na ga an rubuta Kaduna. Sabon Gari. Samaru.

Burodin tamis ya sarƙe Bazazzage. Sai da aka bubbuga masa baya.

BAZAZZAGE: Samaru! La'ilaha illallahu! Ashe ɗan gida ne! Shekara nawa kana cika mana kunne da Kano ta Dabo tumbin giwa, ashe ƙuri'arka tana Zazzau tana kwana!

BAKANO: Kuskuren inji ne.

BAZAZZAGE: Injin ne ya kai ka Samaru?

BAKANO: Sharar fagen shiga jami'a nake yi a 2018. Na ga layin rajista babu mutane, ka san ku ba ku waye da waɗannan abubuwa ba, sai na taimaka muku na shiga.

BAZAZZAGE: Mun gode. To ka sani, inda ka yi rajista nan za ka dangwala. Ko ka sayi tikiti, ka yi bizar fita da dawowa, ka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano, gwamnan Kaduna za ka zaɓa. Kuma ranar zaɓe ba a zirga-zirgar mota, dole ka kwana a Zariya. Akwai tabarma a zaurenmu.

BAKANO: Gara in kwana a tasha.

BADAMAGARE: Tsaya. To a 2019 wa ka zaɓa?

BAKANO: Na shirya tsaf, na goge kaya, cikin dare aka ɗaga zaɓe daga 16 ga Fabrairu zuwa 23. Na yi fushi. Ni ba a yi mini haka.

BADAMAGARE: A 2023 fa?

BAKANO: Ina nan ina jarabawar nahawu.

Wato katin nan da ake gogewa safe da yamma bai taɓa ganin rumfar zaɓe ba. Shi ya sa yake ƙyalli.

BAZAZZAGE: Abin da sauƙi. In an buɗe rajista ka nemi a mayar da kai Fagge. Ɗalibai da yawa haka suke yi, wasu ma ta intanet suke farawa.

BAKANO: In rubuta da hannuna cewa daga Zazzau nake neman komawa Kano? A ajiye a fayil? Jikokina su gani?

BAZAZZAGE: To ka zauna a namu.

BAKANO: Ban zauna ba. Wakili ne ni. Kano ce ta ajiye ni a can in riƙa sa muku ido.

BAZAZZAGE: Daga Madina?

BAKANO: Sa ido ba ya son kusanci.

Mai mada'am ya zo ya tsaya a kansu. Bakano ya shiga laluben aljihu, na dama, na hagu, ya koma na dama. Bazazzage ya ɗaga masa hannu.

BAZAZZAGE: Bari, ni zan biya. Ɗan mazaɓata ne, kuma zaɓe ya matso. Taliya da sabulu suna tafe.

BAKANO: Kai, kiyaye ni! Ƙuri'ata ba ta sayarwa ba ce. Ya Muhammad, tun da shi zai biya, ƙaro tamis biyu, shayin kuma a sa madara.