Ba juyin kai ƙasa ne abin tsoro a jirgin lilo ba

Jama'a, duk lokacin da aka yaɗa bidiyon jirgin lilon nan mai gudu a kan dogo, wanda ke juya mutane kai ƙasa ƙafa sama, magana ɗaya ake yi: ai wannan ganganci ne da rai. Ni kuwa ba juyin ne ke tsorata ni ba. Tsorona yana can ƙasa, tun jirgin bai tashi ba, a daidai lokacin da ma'aikaci ke danna ƙarfen da zai riƙe mutum a kujera.

Duk wanda ya taɓa wulwula guga da ruwa a ciki ya san ruwan ba ya zuba ko da bakin gugan ya kalli ƙasa. Haka mutum yake a saman da'irar dogon da jirgin ke zagayawa, gudun ne ke manna shi da kujera. Matsalar masu ƙirar farko ma ba faɗowa ba ce. Flip Flap Railway da aka buɗe a Coney Island ta Amurka a 1895 da'irarsa zagaye ce sak, sai nauyin da ke danne mutum ya yi yawa, mutane suna sauka da ciwon wuya. A 1976 Anton Schwarzkopf da Werner Stengel suka fito da jirgin Revolution a wurin wasa na Magic Mountain da ke Kalifoniya, da'irarsa mai faɗi a ƙasa mai tsukewa a sama, yadda nauyin ke shiga jiki sannu a hankali. Abin da zai ba ku mamaki, ƙarfen cinya kaɗai aka sa masa da farko. A 1992 aka ƙara na kafaɗa, mahaya suka yi ta kukan yana bugun kunnuwansu, daga baya aka sake fasalinsa a 2016.

Inda maɗauri ke aiki na gaske shi ne ƙwanƙolin tudu, lokacin da jirgi ya sulala ƙasa jiki kuma yana neman ya ci gaba da tashi. A 2013 wata mata ta faɗo daga jirgin Texas Giant a jihar Texas ta Amurka ta rasu, kuma jirgin nan ba ya juya kowa kai ƙasa. Bayan haka aka ƙara bel, aka ajiye kujerar gwaji a bakin layi domin kowa ya auna kansa kafin ya hau.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na birnin Orlando da ke jihar Florida ta Amurka a watan Maris na 2022. Yaro ɗan shekara 14, Tyre Sampson, ya hau wani lilo mai ɗaga mutane tsawon kusan mita 130 ya sako su. Nauyinsa ya haura abin da kamfanin da ya ƙera ya ƙayyade. Bincike ya gano cewa an sauya saitin na'urar da ke tantance rufuwar ƙarfen kujerar da hannu, don ta karɓi masu jiki, sai fitila ta nuna komai daidai alhali akwai tazara babba tsakanin ƙarfen da kujera. Ta nan yaron ya sulɓe. Wani ne ya ga bai kamata a riƙa mayar da mai kuɗi a hannu ba. Jihar Florida ta yi doka da sunan yaron a 2023, amma iyayensa fa?

Ko jirgin The Smiler na wurin wasan Alton Towers a Ingila, mai juyi har 14, ba juyin ne ya jawo hatsarin 2015 ba. Kwamfuta ta tsayar da jirgi saboda akwai taragon da ya maƙale a hanya, ma'aikata suka ƙetare umarninta, jirgin ya yi karo da taragon, 'yan mata biyu suka rasa ƙafa. Kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5.

Abin da ya sa nake wannan dogon bayani shi ne halinmu na neman alfarma. Mutanenmu suna kai iyali Dubai da Saudiyya, a gida ma ranar Sallah wuraren wasa cika suke yi maƙil. Ma'aikaci ya auna yaro ya ce tsawonsa bai kai ba, sai uba ya fara: "Haba ɗan'uwa, saura ƙiris fa, ni zan riƙe shi." Wallahi Alhaji ba za ka iya ba. A wasu wurare a kan dogon nauyin jiki kan ninka sau uku ko huɗu, hannunka ma da kyar za ka ɗaga. Ƙarfen an ƙera shi ne don ya zauna a kan cinya da ƙugun mai wani girma. Ƙaramin yaro ta ƙasa yake zamewa, mai teɓa kuma ƙarfen a ciki yake tsayawa bai kai cinya ba.

Na san akwai kunya a ce wa babban mutum ya sauka a gaban jama'a, kuma ya kamata masu wuraren su koya wa ma'aikatansu faɗin haka cikin mutunci. Amma ya sauka ɗin. Hajiya ta naɗe gyale da hijabi kada su yi ta lilo kusa da taya, a bar waya a aljihu mai zif ko a ƙasa. Idan ka ja ƙarfen ka ji yana motsi, ɗaga hannu ka yi magana kafin a tayar, ko da duk layin zai harare ka. In kuwa ka ga ma'aikaci yana karɓar na goro yana shigar da wanda bai cancanta ba, kwashe 'ya'yanka ka sanar da hukumar wurin.