Jarin Da Ba Ya Yin Wata Uku A Hannunku

Jiya bayan sallar Isha'i na zauna a teburin mai shayin bakin layinmu, kusa da ƙanen wani abokina. An haɗa masa shayi mai kauri, har ya huce bai kurɓa ba. Idonsa na kan waya, babban yatsa na ta jan allo kamar mai jan carbi, lambobi duk sun yi ja. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Yaya, na fita, na sayar gaba ɗaya." Wata uku da suka wuce ya sayi hannun jarin wani kamfanin siminti na naira 400,000, jiya ya karɓi 320,000. Na ce kamfanin gobara ya yi? Ya ce a'a. Mutane sun daina gini ne? Ya ce, "A'a Yaya, a guruf aka ce kowa ya tsere." Da na matsa masa sai gaskiya ta fito: rabin kuɗin na haya ne, rabin kuma 'yan kunnen gwal ɗin matarsa.

'Yan uwana matasa, wannan gaggawar ce ke cinye mu. Ba ku sayen abu sai ya yi tsada kowa na ihu a kansa, ba ku kuma sayarwa sai ya faɗi kowa na kuka. Wane irin ciniki ne wannan? Ko yarinya mai tallan gyaɗa ta san ba a saro da tsada a karyar da araha. Ku kuwa da digirinku da babbar wayarku kullum haka kuke yi, sannan ku ce kasuwa ta cuce ku. Kasuwa hawa da sauka ne halinta tun fil azal. Wanda ya sayi hannun jari ya sayi wani yanki ne na kamfani, da injinansa da ma'aikatansa da ribar da yake rabawa duk shekara. Muddin kamfanin na aiki, jan lambar da ka gani yau ba asara ba ce tukuna, sai ranar da ka danna sayarwa da hannunka.

Ku tambayi manyanku abin da ya faru a 2008. A watan Maris na shekarar ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya ya haura maki 66,000, kafin shekara ta zagayo ya gangaro wajen 20,000. Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari, domin mai bashi ba ya jiran kasuwa ta farfaɗo. Kuma ba zan yi muku daɗin baki ba: sai a 2023 ma'aunin ya koma inda yake, shekara 15 ke nan, naira ma ta zube a tsakani, wasu bankunan da aka yi rububin hannun jarinsu ko sunansu babu yanzu. Shi ya sa ba a tara dukiya a rumbu ɗaya. A Janairun 2024 kuma ma'aunin ya tsallake 100,000, lokacin ne masu gudu suka dawo da gudu, aka sake saye da tsada. Sauri ya haifi nawa.

Gaggawar nan dai ita ce ta kai mutane MMM, wani tsarin zuba kuɗi na damfara a intanet, a 2016, aka yi musu alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, a Disamba aka rufe asusu. Gani ga wane bai ishe mu ba, a Afrilun 2025 wata manhajar zuba kuɗi irinta mai suna CBEX ta maimaita mana karatun. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya kasa jiran shekara biyar shi ake yi wa tallan ninki a kwana talatin, garin neman ƙiba ya samo rama. Ban ma so in taɓo masu kwana suna danna waya da sunan haƙar kuɗin kiripto, da masu cika shagunan cacar ƙwallo ranar Asabar suna kiran abin sana'a. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da mai sayar da jarinsa don guruf ya ce a tsere. Ga kuma bashin manhajar waya da ake ci don a yi ankon biki, wannan sai wata rana.

Ina ce mu ne jikokin fataken da suke ɗaura kaya a jaki su nufi Gwanja saro goro, su yi wata da watanni a hanya? Kakata tunkiya ɗaya ta saya ta ba da kiwo a ƙauye, ba ta taɓa aikawa kullum a tambayo mata farashinta ba, da garken da ya fito daga cikinta aka yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Dattawan Dawanau suna sayen hatsi da kaka su jira bazara, wata shekarar a ci riba, wata shekarar farashi ya karye kamar yadda masara ta yi a 2025, su ce Allah ya mayar da alheri, su koma rumfa washegari. Da kuɗinsu suke yi, ba da kuɗin cefanen gida ba. Ina wannan natsuwar ta tafi? Yau yaro ya zuba dubu hamsin da safe, kafin La'asar ya duba waya sau arba'in.

Ni dai abin da zan ce, ku zuba abin da za ku iya mantawa da shi na wasu shekaru, kaɗan-kaɗan kamar zubin adashi. Mai gudun kuɗin ruwa ga sukuk nan, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, tun 2017 gwamnatin tarayya ke fitar da shi. Ku rage leƙen waya, ku san abin da kuke saye.

Yau da safe yaron ya turo mini saƙo. Wai farashin ya ɗan ɗaga, guruf an ce a koma, ko zan ranta masa 80,000 ya cike. Matarsa kuma har yanzu tana zaton 'yan kunnenta suna wajen maƙeri ana wanke su.