Wa ke tsaya wa ma'aikaci a wurin aiki?

A yawancin wuraren aikinmu, da an ce wa mutum "ana nemanka a ofishin kula da ma'aikata" sai gabansa ya faɗi. Ya san ɗayan uku ne: kwiri, yankan albashi, ko takardar sallama. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin an kafa ofishin nan ne don ya riƙe amanar mutanen da guminsu ke juya kamfani.

Amanar tana farawa tun ranar ɗaukar aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce cikin wata uku a ba ma'aikaci takarda mai bayyana aikinsa, albashinsa da sharuɗɗan rabuwa. Ku je ƙofar masana'antun Sharaɗa ko Bompai a Kano da sassafe, ku tambayi matasan da ke layi ko su nawa ke da ita. Wani ya yi shekaru a kan inji ɗaya, har yau sunansa ɗan wucin gadi. Ranar da injin roba ya cinye masa yatsu, sai oga ya ƙirgo 'yan dubbai ya ce ya je ya yi magani, Allah Ya kiyaye gaba. Alhali tun 2010 akwai dokar biyan diyya, wadda ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, saboda irin wannan rana. Wa ya kamata ya cike takardun, ya bi sawu har kuɗin su fito? Ofishin nan dai.

Haka fansho. Dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 10. Cirewa kam ba a mantawa, amma wasu sai sun duba asusunsu su tarar wayam. Wannan cin haƙƙi ne, kuma duk jami'in da ya sani ya yi gum, da shi aka ci.

Na san shi ma jami'in ofishin nan, albashi yake karɓa, yana tsoron oga kamar kowa. To amma ya faɗa wa mai gida gaskiya ko da a lissafin riba ne: ƙwararren da ya yi fushi ya tafi, sai an kwashe watanni ana ɓarnar kaya kafin sabo ya san kan inji.

Masu kamfani, don Allah ku sa a buɗe fayil ɗin kowa a wannan watan, a fara da waɗanda ba su da takardar kama aiki.