Ni da giranda da motar Yaya

Duk wanda ya haɗu da Yaya a kwanakin nan, don Allah kada ya ɗauko masa zancen mota. Ni ma da ba zan ce uffan ba, amma tunda labarin ya riga ya zaga majalisa har an fara ƙara masa gishiri, gara ku ji daga bakin mai ita.

Kun dai san baƙar Camry ɗin nan tasa, wadda ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta. Da zai tafi Umara ya kawo ta ƙofar gidana, ya ce in riƙa tayar da ita kada batir ya mutu. Iyakar aikin ke nan. Ni kuma da neman suna, kullum da safe sai in ɗauki tsohuwar singileti in share mata ƙura, a bushe, ba ko ɗigon ruwa. A kwana na takwas na fito da hantsi, rana ta daki bonet, sai ga wasu siraran zane-zane a zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Ashe ƙurar Kano yashi ce mai laushi, ni kuwa da hannuna nake ta gurza ta a jikin fenti kamar mai wanke tukunya da toka.

Na shiga YouTube na samu wani Bature yana gyara irin wannan da inji. Bidiyon minti 40 ne. Na kalli shida na farko, na tsallaka zuwa biyun ƙarshe inda motar ke ƙyalli, saboda data. Na wuce Ƙofar Ruwa na sayo man folish mai kauri da soso da farantin da ake manna shi. Da na ji kuɗin injin kansa sai na ce wa mai shagon bari in zagaya in dawo. Ban dawo ba. Mai waldan bakin layinmu na nufa, na aro girandar da yake yankan ƙarfe da ita. Bakin da ake ɗaura faranti iri ɗaya ne, abin ya zauna cif, har na ce Allah Ya so ni da sauƙi.

Abin da ban sani ba, injin folish juyinsa a minti ɗaya daga wajen 600 ne zuwa 3,000, kuma da wurin rage gudu. Girandar mai walda kuwa 11,000 take yi, kuma abu biyu ta sani a rayuwarta, a kunne ko a kashe.

To sai Baba Direba. Wanda bai san shi ba bai taɓa shiga layinmu ba. Tun da ya ajiye tuƙin Legas ya mayar da gindin darbejiyar nan ofishinsa, da benci da rediyo da buta. Inuwa ɗaya ce tak a layin, ya kuma riƙe ta kamar gadon ubansa. Ni da shi akwai tsohuwar jiƙaƙƙa. Shekara uku ke nan, ranar da na yi ribas na ɗan taɓa dakalin masallaci, taɓawa ce fa kawai, ko siminti bai zuba ba, shi ne ya laƙaba mini Injiniya. Har gidan surukaina sunan ya kai. Ranar sunan autana, a gaban mutane, ya ce a matsar da dardumai Injiniya zai juya mota. Ban ce komai ba saboda sa'an mahaifina ne, amma ina sane.

Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ko za a ɗan matsa mini in sa mota a inuwa, aikin minti talatin ne."

Ya dube ni, ya dubi girandar, ya ce, "Ɗan nan, ƙofar wa za ka yanka?"

Bai matsa ba. Saboda haka a tsakiyar rana na tsaya, ranar Juma'a, wajen sha biyu da rabi, bonet ya yi zafin da za a iya soya ƙwai a kai. Ban wanke motar ba, don a ganina ai na share ta da safe. Na jawo waya daga zaure. Yara sun taru. Mai awara ta sauke tire. Baba Direba ya shiga gida ya fito cikin shaddarsa ruwan bula, ta sha bugu tana ɗaukar ido, da hula zanna, wai kafin a kira salla bari ya ga ikon Allah. Ya zo ya tsaya a kaina, hannu a baya.

Na matsa man nan a soso, ba ɗigo huɗu irin na Bature ba, lafta shi na yi kamar mai shafa bota a burodin da ba shi ya saya ba. Na ɗaga inji sama don kowa ya gani. Na danna.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙara ce ta tashi wiii, sannan sai na ga duniya ta yi fari. Man nan gaba ɗaya ya bar soso a cikin ƙiftawar ido. Gilashin mota, katangar maƙwabta, fuskata, awarar baiwar Allah. Amma kaso mafi tsoka Baba Direba ne ya samu. Layi ne guda ya ɗauko daga kafaɗar dama, ya ratsa aikin wuyan rigar, ya haura gemu, ya ƙare a hular. Ɗigo-ɗigo, a jere, kamar zabuwa. Bai motsa ba. Bai goge ba. Ido kawai ya lumshe ya buɗe, akwai wani ɗigo a kan girarsa yana shirin gangarowa, ni da shi duk muna jiran sa. Layin ya yi tsit, ban da rediyonsa da ke can a benci tana ta magana ita kaɗai. Wani yaro ya fara ƙyalƙyalewa, yayarsa ta toshe masa baki.

Ya ce, a hankali, "Sannu, Injiniya."

Da mai hankali ne a nan zai naɗe waya. Ni kuwa kunya ce ta ce in nuna musu aikin na yi. Na kifa soson a kan bonet, daidai kan ƙashin nan da ya taso a gefe, na danna da ƙarfi. Injin ya fizge ni, na riƙe, na tsaya a wuri ɗaya don in ga zanen ya fita. Ya kuwa fita. Sai na ji ƙauri, irin na roba a wuta. Kafin in saki maɓalli soson ya ɓalle daga farantin, ya tashi sama kamar faifai, ya tsallake katanga ya faɗa gidan Liman. Na duba bonet. Wani tabo ne ruwan toka, girman tafin hannun jariri, gefensa ya narke ya tattare. Na sa yawu na goga. Na sake sa yawu.

Baba Direba ya leƙo, ɗigon nan na gira har lokacin bai faɗo ba, ya ce, "Ai kuwa ya fita tas. Har fentin."

Washegari na kai ta wurin mai fenti. Shi ne ya karanta mini minti 32 ɗin da na tsallake. Ya ce fentin mota hawa uku ne, faraima a ƙasa, sai launi, sai wani mai garai-garai a sama da suke kira kiliya, wanda kaurinsa bai wuce rabin takarda ba. Zanen gizo-gizon nan duk a kan kiliya yake, folish kuma ɗan kankare ta yake yi kaɗan har ta daidaita. A wanke mota tas tukuna, a inuwa, ƙarfe da sanyi, a ɗora soso a jiki kafin a kunna, a yi ta tafiya da hannu, a kuma kiyayi gefe da ƙashi don nan fenti ya fi sirantaka. Ya ja farcensa a kan wani ƙarzon da ke ƙofa, ya ce in farce ya maƙale to ya wuce folish. Sannan ya dubi tabona ya ce, "Wannan kuma, maigida, ya wuce farce." Bonet ɗin gaba ɗaya za a sake fesawa. Ya buɗe ƙofar direba ya karanto lambar fentin, 202, ya ce kada in ga baƙi ne, sabon baƙi da wanda ya sha ranar Kano shekara da shekaru ba lallai su zo ɗaya ba.

Ba su zo ɗaya ba. Yaya ya gane tun daga filin jirgi, kafin ma ya sa jaka a but. Bai yi faɗa ba, dabino da zamzam ma ya ba ni, amma mukullin ya karɓa a nan take, ni na dawo a kujerar baya tare da kaya.

Na biya kuɗin awara. Na biya wanki da bugun shadda, ko da yake Baba Direba ya ce wai har yanzu in rana ta haska yana ganin alama, kuma ni na san tsohuwa ce tun Sallar bara waccan. Yanzu sunan ya ƙaru, Injiniya Folish. Soson yana gidan Liman, an ce yara na wanke kwanuka da shi, ban je karɓa ba. Mai walda kuma yana ta aiko yaro wai ban dawo masa da sifanar girandar ba, ni kuwa na rantse ban ga wata sifana ba.

Akwai sauran man fiye da rabin kwalba, in da mai so.