Sharhi: Garkuwar jiki ce ke faɗa da ciwon hanta nau'in B

Wani labari ya ce ƙwayar cutar hanta nau'in B ce ke cinye hanta. Akwai ɗan gyara. Ƙwayar kanta ba ta cika yi wa hanta ɓarna ba. Sojojin garkuwar jiki ne ke kashe sassan hantar da cutar ta shiga, daga nan kumburi da ciwon shawara ke tasowa. Shi ya sa babba idan ya kamu yana iya kwanciya, amma fiye da kashi 90 cikin 100 jikinsu kan kore ta. Jariri kuwa garkuwarsa ba ta tayar da faɗa, sai cutar ta samu wurin zama. Kusan 9 cikin 10 sukan girma da ita, hanta na taurarewa a hankali ba a sani ba.

Don haka a yi wa jariri allurar rigakafin cutar ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, sannan ta mako 6, 10 da 14. A nan Daura wasu na jira sai bayan suna, alhali a makon haihuwar ne wanzami ke zuwa da askarsa, ƙwayar kuma na iya rayuwa kwana 7 a busasshen jini.

Wanda gwajin HBsAg, wato gwajin jini na gano ƙwayar, ya nuna yana da ita, ya sake bayan wata 6. In an ɗora shi kan tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar, don Allah kada ya daina saboda ya ji sauƙi, domin ƙwayar kan yunƙuro, garkuwa ta far wa hanta da ƙarfi. Mai ciwon dajin baki ko maƙogwaro ma a gwada shi kafin a fara masa maganin daji bayan tiyata, saboda maganin na danne garkuwa, cutar ta farfaɗo.